Shirun Mai Gyaran Agogo

Sau uku Malama ta kwashe kayan akwatinta ta sake jerawa, har yanzu Baba bai ce mata uffan ba.

Shekara biyu ke nan da abin ya faro. Wata Lahadi, wata baƙuwa ta tsaya gaban majami'a ta ba da labarin makarantar mishan a wata ƙasa mai nisa, inda yara fiye da ɗari biyu ke jiran malamin Turanci. Tun daga ranar Malama ta rasa sukuni. A aji alli na hannunta, hankalinta na can. Ta yi azumi, ta yi addu'a, ta roƙi Ubangiji ya cire mata abin daga rai in ba nufinsa ba ne. Bai cire ba.

Fasto ya ce, "'Yata, in kira ne, ba zai bar ki ki huta ba."

Gwaggo kuwa, wadda ta taya Baba renonta tun da mahaifiyarta ta rasu wurin haihuwarta, tafa hannu ta yi. "Yaran nan namu duk sun gama iya Turancin ne? Can wa zai aure ki, ƙamus?"

Wannan duk da sauƙi. Shirun Baba ne ke cin ranta.

Ranar da ta rubuta takardar neman aikin da Turanci, ta kai masa shagonsa na gyaran agogo. Yana duƙe kan tebur, gilashi maƙale a ido ɗaya, 'yan ƙusoshi a murfin kwalba, agogunan bango kowanne na faɗin nasa lokacin. Ya karanta har ƙarshe, ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya gyara wuri biyu, ya miƙa mata. Ta duba. Gaskiyarsa ce, duka biyun. Haushi ya kama ta.

Da amsa ta zo cewa an ɗauke ta, da gudu ta shiga shagon. Baba ya daɗe yana kallon hatimin da ke saman takardar. Can ya ce, "Ki sayi rigar sanyi biyu. Azuzuwan ba sa ɗumi da safe." Ya koma kan aikinsa.

Shi ke nan. Ba "je ki", ba "kada ki je".

Makonnin da suka biyo baya, ƙafarta ba ta zauna ba. Ofishin fasfo, asibitin riga-kafi, sallamar ɗalibai, sallamar ƙungiyar mawaƙa. In ta buɗe Littafi Mai Tsarki, aya ɗaya ta ce mata tafi, wata ta ce girmama mahaifinka. Ta rufe, ta miƙe, ta zagaya ɗaki, ta sake buɗewa.

Ana gobe tafiya da la'asar, ta kasa daurewa. Ta tsaya a ƙofar shagon.

"Baba, in ba ka so, ka faɗa mini."

"Na ce ba na so, Uwata?"

"Ba ka ce komai ba! Shekara talatin kana zaune kan kujerar nan. Kai ba ka san yadda mutum ke ji ba in Allah ya kira shi."

Hannunsa ya tsaya cak. Sai da ta ji ƙarar agogunan nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce, "To."

Da safe a filin jirgi ya ɗora hannu bisa kanta, leɓɓansa na motsi, amma ba ta ji abin da ya roƙa ba. Ta shiga jirgi da nauyin maganarta a ƙirji. Kwana biyu tana hanya, tana ta tsara yadda za ta ba shi haƙuri, tana rushewa.

Shugabar makarantar tsohuwa ce mai sanda, gashinta fari fat. Ta zagaya da ita azuzuwa, ta nuna mata ɗakin kwananta, sannan ta kai ta ofis ta rufe ƙofa. Ta jawo wani tsohon fayil daga ƙasan kabad.

"Lokacin da nake sabuwar malama a nan muka ɗauki wani matashi daga ƙasarku," in ji ta. "Ban taɓa ganin mai Turanci irinsa ba. Ya zo ya yi wata uku na gwaji, ya koma don ya ɗauko matarsa. Muka share masa gida, muka yi ta jira. Sai wannan takarda ta iso. Da na ga sunan da ke takardunki, na ce sai na nemo ta."

Takardar ta yi ja don tsufa. Layi uku ne kacal, da Turanci mai tsabta: Ku gafarce ni, ba zan iya dawowa ba. Ubangiji ya ɗauki matata, ya bar mini aji mai ɗaliba ɗaya. Ku taya ni addu'a in koyar da ita da kyau.

Malama ta dubi kwanan watan. Mako ɗaya ne bayan haihuwarta. A ƙasa kuma, ga sa hannun da ke kan kowace takardar sakamakonta tun daga aji ɗaya.