Telan da Ya Ari Muryar Mai Gadin Madatsa

Dakata tukuna, Sallau, kada ka tura wa mutane wannan saƙon da ke ba ka dariya. Zauna in ba ka wani misali.

An yi wani tela a wani gari na bakin kogi, mutum mai faran-faran, wanda Allah ya hore wa kwaikwayon murya. In ya kwaikwayi ladan, sai ka ga mutane sun fara neman buta. Ba abin da ke yi masa daɗi kamar ya ga dattawa sun riƙe ciki don dariya a ƙofar shagonsa. A can saman garin kuwa akwai madatsar ruwa, da wani tsoho mai gadinta. Duk damina, in ruwa ya yi yawa, tsohon nan kan aika saƙon murya ta waya, ya faɗi inda ake jin tsoron ambaliya. Kowa ya san muryarsa da 'yar shaƙewar da ke cikinta, kuma bai taɓa faɗin abin da ba haka yake ba. Da an ji shi, masu jiragen ruwa na inji sai su kwance igiya su tafi ceto ba tambaya.

Wata shekara aka yi marka, kogi ya cika ya batse har yana lasar gonakin shinkafa, hankalin kowa a tashe. Ran nan da hantsi tela na zaune ba ciniki, sai ya tuna da wani taubashinsa da ke ƙauyen ƙasan kogi, matsoracin ruwa na gaske. Ya ce bari ya tsokane shi. Ya gyara zama, ya ɗauko muryar tsohon nan har da shaƙewar, ya ce ruwa ya ɓalle ya doshi ƙauyen, kowa ya hau tudu, masu jirgi su hanzarta. Ya tura wa taubashin shi kaɗai, ya koma kan keken ɗinkinsa yana murmushi. Taubashi bai ga abin dariya ba. Ya tura wa maƙwabta, maƙwabta suka tura wa dangi. Tela bai gama wuyan rigar da ke hannunsa ba, sai ya ji maganarsa na fitowa daga wayar wani mai wucewa. Ya ruga bakin kogi ko takalmi babu, ya tarar jiragen duk sun tashi, sai ƙarar inji daga nesa. Ya sake aika wani saƙon da muryarsa ta ainihi: "Jama'a, ni ne na yi, wallahi wasa nake!" Waɗanda suka ji suka zage shi, suka ce ya ji tsoron Allah ya daina wasa da gargaɗin tsoho. Ba wanda ya tura wannan saƙon gaba.

Wajen azahar ruwa ya ɓalle da gaske, amma ba can ba. Gaɓar sama ce ta karye, ruwan ya afka wa wata 'yar unguwar manoma. Mai gadi ya aika saƙon gaskiya, sai ga saƙo biyu na yawo da murya ɗaya, kowanne na kiran wuri daban. Masu jirgi sun isa ƙauyen taubashi sun tarar da mutane cirko-cirko a tudu, ruwa na nan inda yake. Suka tsaya gardamar wanne za su gaskata. Da suka juyo, ga ƙarfin ruwa na tura su baya, ga man wasu ya ƙare. Tela ya faɗa kwale-kwalen hannu tare da wasu maza, ya yi ta tuƙi har tafin hannunsa ya sale. Sun sauko da waɗanda suka hau bishiya da rufin rumbu. Amma akwai wata mai jego da ta kasa hawa ko'ina, ta tsaya cikin ɗaki ruwa iya ƙirji, ta ɗaga jaririnta sama tana sauraron ƙarar jirgi. An karɓi jaririn ta taga. Kafin a fito da ita, bango ya rufta.

Ba wanda ya daki tela, ko da yake kafin la'asar gari duk ya san wanda ya yi. Mijin matar ne ya zo shagon da kansa, tufafinsa duk taɓo, ya ajiye farin yadi a kan keke. Tela ya durƙusa, ya buɗe baki zai yi magana. Mutumin ya ce, "Riƙe bakinka, malam, yau ya yi aikinsa. Ɗinka mata kawai, ana jira."

Haka ya zauna ya ɗinka likkafanin da hannu, allura na zamewa daga salallun yatsunsa, ba ya ganin zaren sosai. Bai nufi kowa da sharri ba, mutum ɗaya ya so ya tsorata. Amma daga lokacin da maganar ta bar bakinsa ta fi ƙarfinsa, duk gudun da ya yi bai cim mata ba. Ai shi ya sa Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.