Ƙafar Tsohon Ɗan Kokawa

Tun da ka ce kai ba ka son a sa maka baki a aikinka, zauna in ba ka wani misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama da shi.

An yi wani ɗan kokawa, irin waɗanda in makaɗa suka ɗauko kirarinsu sai fili ya yi tsit. Bayansa bai taɓa shan ƙasa ba, ko kuma dai haka yake faɗa. Da girma ya zo, gwiwarsa ta dama ta fara yi masa gardama. Hawa babur ya gagara, tsuguno ya gagara, har ta kai shi ga yin salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu. Wannan kujera ita ta fi ci masa rai. Mutumin da ya ɗaga ƙarti sama, yau ga shi ba ya iya kai goshinsa ƙasa. Likita ya duba ya ce ba sai an yi aiki ba tukuna, ya tura shi wani ajin motsa jiki da ake kira yoga, wanda wani saurayi ke koyarwa da safe kusa da filin wasa. Saurayin ya daɗe a ƙasar waje, can ya koyo abin. Ajin na kowa ne: ga tela mai ciwon baya, ga samari masu jiki kamar roba, ga wani da tumbi ya hana shi hango yatsun ƙafarsa. Duk abu ɗaya ake koya musu, yadda za a ajiye tafin ƙafa, inda gwiwa za ta kalla, yadda ƙugu zai zauna daidai. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba a sa masa guntun katako ya dafa. Malamin bai damu da nisan da mutum ya lanƙwasa ba, shi dai kowace gaɓa ta hau kan 'yar'uwarta kamar tubalin gini.

To, nan aka samu matsala. In aka ce a buɗe ƙafa a lanƙwasa gwiwar gaba, sai tsohon ya girke irin girkewar fili, tafin ƙafa ya kalli waje, gwiwa ta faɗa ciki. Ya fi kowa yin ƙasa, yana yi yana hararar samarin. Malamin ya zo ya durƙusa, ya miƙa hannu zai juya masa tafin ƙafar kaɗan. Kafin hannun ya isa, tsohon ya fizge ƙafa ya cafki kafaɗar malamin, saura ƙiris ya kifa shi. Ka san a kokawa duk hannun da ya nufo ƙafarka kayar da kai ya zo yi. Tsohon ya ce, "Yaro, wannan ƙafar ƙarti ma ba su kama ta ba, ba kuwa a kanka za a fara ba." Aji ya kwashe da dariya. Malamin ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, gwiwar nake tausayi," ya koma wajen tela. Daga ranar sai ya riƙa faɗa da baki daga nesa, tsohon kuma ya riƙa yin kamar da wani ake. Katakon da aka ajiye masa ma ture shi ya yi, wai na ragwaye ne. Damina ta wuce. Tela ya daina dafe ƙugu, mai tumbi ya fara ganin yatsunsa, gwiwar tsohon kuwa ta kumbura kamar gwanda. Ya daina zuwa, yana gaya wa mutane abin shirme ne.

Wata Juma'a yana kan kujerarsa, liman ya ce a daidaita sahu. Na kusa da shi, mutumin da ko sunansa bai sani ba, ya ja kujerar baya kaɗan, ya sa ƙafa ya turo ta tsohon har dugadugansu suka yi layi ɗaya. Tsohon ya gyara bai ji komai ba, don abin da ya saba ne tun ƙuruciya. Sai da aka sallame abin ya dawo masa. Ga wani ya taɓa masa ƙafa a gaban jama'ar da ta fi ta filin kokawa yawa, kuma bai faɗi ba, ba wanda ya yi masa ihu.

Da kumburin ya saɓe sai ya koma aji. Bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya dai taka shimfiɗa, ya miƙa ƙafar dama, ya kau da kai ya ce, "To, ga ta nan." Malamin ya juya tafin, ya jawo gwiwar ta tsaya saitin yatsan tsakiya, ya hana shi yin ƙasa ko rabin inda ya saba, ya sa masa katako ya dafa. A wannan 'yar tsayuwa tsohon ya jiƙe sharkaf, cinya na rawa. Haka ya yi ta zuwa. Gwiwar ba ta koma ta saurayi ba, har yau ba ya hawa babur. Amma kafin azumi ya kama an ga kujerar roba jingine da bango, shi kuma yana tsakiyar sahu, goshinsa a ƙasa.

Ka ga, ba duk wanda ya ce ka matsar da ƙafarka ne yake neman kai ka ƙasa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.