Na Ukun

"Daga yau ke za ki riƙe na'urar," in ji Farfesa. Ƙananan mataimakansa biyu ne a ɗakin gwajin, ita da ƙawarta, amma ƙawar yake kallo.

Ita ce ta fara yi wa ƙawar tafi. Shekara uku tana ɗaure kusoshin na'urar nan, ta san kukanta idan iska ta kutsa ciki. Amma da babban mataimaki ya bar aiki, ƙawarta aka ba kujerarsa.

"Kin ga fuskarki kuwa?" Ƙawar ta dafa ta tana dariya. "Kamar an ɗura miki magani."

"Murna ce, ranki ya daɗe."

Da rana ta tsaya gaban ɗalibai tana bayani: haske yakan fizge ilektoron ɗaya, wato ɗan mitsitsin abu mai ɗauke da lantarki, daga cikin ƙwayar zarrar iskar gas, wani ya faɗo ya cike gurbin, ƙarfin faɗowar ya cilla na uku waje. Na'urar tana kama na farko da na uku lokaci guda.

"Malama, na ukun me ya yi?" wata ɗaliba ta tambaya.

"Ba komai. Ba wanda ya taɓa shi. Yana kusa ne kawai."

Ta laluba aljihu neman alli, yatsunta suka ci karo da takardar barin aikin da ta rubuta ɗazu.