Takardar da Malam Ya Ɓoye

Mai karɓar kuɗin asibiti ta turo katin ta ƙarƙashin gilashi, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Inshora ta gama nata, Baba. Kuɗin zuwa sau talatin suka ɗauka, yau na talatin da ɗaya. Daga yanzu ku za ku biya."

Baba Makanike ya juya ya dubi 'yarsa Auta a keken guragu, ƙafar dama miƙe cikin ƙarfe. Likita ya riga ya faɗa musu cewa sai an ƙara wata shida ana gashin ƙashi ana motsa gwiwar, in kuwa aka tsaya yanzu, ƙafar za ta sandare ke nan har abada. Sannan ya mayar da ido kan wanda ke riƙe da keken, mijinta, malamin makaranta.

"Ka dai ji, Malam. Sai ka biya, tunda kai ka iya barci a kan sitiyari."

"To, Baba," in ji Malam.

Wannan "to" ɗin ita ke ƙona ran tsohon fiye da komai. Da bakinsa Malam ya gaya wa 'yan sanda gyangyaɗi ne ya ɗauke shi a gangara, da rana tsaka, motar ta daki bangon gada ta ɓangaren da Auta ke zaune. Shi ya fito ko ƙwarzane babu. Tunda direba ya amsa laifi, kamfanin inshora ya biya mafi ƙarancin abin da zai iya biya, ya rufe fayil. Ita kuwa gawar motar, Malam ya yi maza ya sayar wa masu sayen ƙarafa tun Baba bai sa ta a ido ba, shi da ya shekara arba'in a ƙarƙashin motocin mutane.

Daga ranar kunyar surukuta ta kau. Baba ya daina amsa gaisuwarsa. In sun haɗu a layin asibiti sai ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya kira shi kasa sarkin barci, ya kira shi makashi. Auta ta yi ta cewa, "Baba, don Allah ka bari," shi kuwa yana ganin so ne ya rufe mata ido.

Malam ya sayar da firji da kujerun falo, ya ɗauki darasin yamma a gidaje uku, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Baba ma bai zauna ba, ya koma karɓar kowane irin aiki duk da idon ya fara ja da baya. Da kyar suka haɗa na wata biyu. A wata na uku aka mayar da Auta gida sau biyu ba a taɓa ta ba don rashin kuɗi, kuma gwiwar ta fara ƙin lanƙwasuwa.

Ana cikin haka wani lauya ya kawo motarsa garejin Baba. Baba yana juye masa baƙin mai yana zazzage masa cikinsa.

"Ina rahoton injiniya?" lauyan ya tambaya. "Inshora ba ta biyan ko sisi sai injiniyanta ya duba motar, kuma ana ba mai mota kwafi. In akwai wani mai laifi bayan direba, shi kotu za ta ɗora wa maganin."

Baba ya tambayi Malam, ya ce bai san inda ya ajiye ba. Ya sake tambaya bayan kwana biyu, ya ce wataƙila ta ɓata. Nan tsohon ya tabbata akwai abin da ya fi gyangyaɗi muni a takardar nan, ko gudun hauka, ko latsa waya. Ya rantse sai ya tona masa asiri, ya ɗauke 'yarsa daga gidan.

Ranar Asabar da hantsi ya faɗa musu falo da lauyan a bayansa. Falon fayau, sai tabarma da keken Auta.

"Ko ka fito da takardar nan yanzu, ko in tafi da Auta yau. Ƙafar 'yata ba za ta mutu don ka rufa wa kanka asiri ba."

"Baba, ka bar maganar nan. Zan nemo kuɗin."

"A ina? Sauran me ka bari, tabarmar?"

Auta ta fashe da kuka. Baba bai saurara mata ba, ya fizgo jakar makarantar Malam daga jikin ƙusa ya zazzage ta a ƙasa. Cikin littattafan ɗalibai ambulan ɗin kamfanin ya faɗo, ya yi laushi don yawan ninkewa. Ya miƙa wa lauyan.

"Karanta da ƙarfi, kowa ya ji."

Lauyan ya bi shafin da yatsa, sai fuskarsa ta washe.

"Ai ku gode wa Allah! Direba ba shi da laifi ko kaɗan. Ga shi nan, ya taka birki har ƙasa. Bututun man birki ne ya fashe, daidai inda wani ya yi masa walda maimakon ya sa sabo. Wannan ko garejinsa za a sayar sai ya biya maganin. Malam, wa ya yi maka aikin?"

Malam ya kafa wa tabarma ido.

Baba Makanike bai bukaci a faɗa masa ba. Shi ya yi waldar nan da hannunsa, kwana biyu kafin hatsarin, bayan ya mayar wa Malam kuɗin sabon bututu ya ce kada ya koya masa aikinsa.