Ƙararrawar Kwikwiyon Nomau

Kafin ka ɗora wa mutum laifin da idonka bai gani ba, zauna ka ji abin da ya sami wani mai lambu da ake ce wa Nomau.

Nomau yana da lambun albasa a bakin fadama. Wata shekara ɓarayi suka shiga suka tone masa kusan rabin amfanin, ba a kuwa gano ko su wane ne ba. Tun daga nan zuciyarsa ta daina kwanciya da kowa. Wanda ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce da walakin. Wanda ya wuce bai gaishe shi ba, sai ya ce rashin gaskiya ne ya hana shi haɗa ido. A haka ya samo ɗan kwikwiyo a wurin wani makiyayi, da niyyar in ya girma ya riƙa tsare masa lambu. Da yake ɗan abin bai yi ƙwari ba, sai ya ajiye shi a zaure.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, a zauren nan fa baƙinka suke shimfiɗa buzu su yi salla. In ya ɓata wurin, ba zan wanke ba."

Sai Nomau ya kwance ƙararrawar da ke wuyan jakinsa, ya rataye ta a jikin ƙofa, ƙasa-ƙasa, daidai hancin kwikwiyon. Da ya ga ya fara shinshina ƙasa yana kewaye-kewaye, sai ya kama ƙafarsa ya taɓa ƙararrawar da ita, ya buɗe ƙofa, ya kai shi bayan katanga. Yakan tsaya har ya gama, sannan ya ciro guntun ƙuli-ƙuli daga aljihu ya ba shi. Ba a daɗe ba kwikwiyo ya gane. In abin ya matse shi, da kansa yake zuwa ya tunkuɗi ƙararrawa da hanci, zaure kuwa ya zauna tsaf.

Ana nan rani ya tsananta, ban-ruwa ya sha kan Nomau, sai hali ya canza. Kwikwiyo ya riƙa kaɗa ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa. In an buɗe masa, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya, ya ƙi zuwa bayan katanga. An jima kuma a tarar ya ɓata zaure.

Ƙofar Nomau tana kallon ƙofar wani mahauci, Jatau, wanda suka yi shekaru suna zaman hira tare. Nomau ya dubi inda kwikwiyon ke tsayawa, ya dubi ƙofar Jatau, sai wani abu ya ɗarsu a ransa. Ya tuna ranar da Jatau ya ce, "Wannan in ya girma zai yi kyau." Me ya kai shi yabon karen wani? Ya tuna kuma ya taɓa hango shi a hanyar fadama, alhali ba shi da ko taki ɗaya na gona a can. Ya ce a ransa, lallai mutumin nan nama yake jefa wa kare a ɓoye, yana sabawa da shi, don ranar da zai shiga lambu kada ya yi masa haushi.

Ya daina fita hira. Ya bar ban-ruwa yana laɓewa a bayan ƙyaure, yana leƙe ta tsagar katako, albasa tana yaushi a fadama. Bai ga komai ba. Rashin ganin ma sai ya ƙara masa zargi, ya ce ashe mutumin gwani ne.

Ran nan bayan sallar la'asar, a gaban jama'a, ya tare shi. "Jatau, me kake ba karena?"

"Ni? Malam Nomau, ni da ko taɓa kare ba na yi?"

"Albasar bara ba ta ishe ka ba, sai ka shirya wa ta bana?"

Jatau ya dube shi, ya ce, "Mu je a gani."

Suka ɗunguma har ƙofar gidan Nomau. Suna isa suka ji ƙararrawa, Nomau ya buɗe. Jatau ya tsuguna yana kiran kwikwiyon, yana kaɗa masa yatsu, ga shi jikinsa duk ƙanshin nama. Kwikwiyo ya ja da baya kamar yadda yake yi wa kowane baƙo, ya zauna a gindin ƙafar Nomau, ya kafe aljihun rigarsa da ido yana lasar baki.

Daga cikin gida Tabawa ta ɗaga murya. "Malam, ai tun da aikin lambu ya yi maka yawa ka daina raka shi. Yana kaɗawa, kana buɗewa, ka jefa masa ƙuli-ƙuli a bakin ƙofa ka wuce. Shi yanzu a wurinsa ƙararrawa kiran abinci ce. Kai ka koya masa."

Nomau ya sa hannu a aljihu, ya ji guntayen ƙuli-ƙulin, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ba Jatau haƙuri a gaban mutanen. Jatau ya ce, "Ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya juya ya shige gidansa.

Gyaran kwikwiyo bai ɗauki lokaci ba. Nomau ya koma raka shi bayan katanga, ba ya ba shi komai sai ya gama, zaure ya sake tsabta. Amma Jatau ya naɗe tabarmar hirarsa ya mayar da ita wata ƙofar. In sun haɗu sukan gaisa, gaisuwar da ba ta wuce ta baƙi, kowa ya kama gabansa, har tsufa ya cim musu a haka.

Shi ya sa Hausawa suka ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.