Miyar Bazawara Sutarmi

Shayi ya sarƙe Wiryawan lokacin da idonsa ya kai layi na tara a kwamfutarsa. A wani kamfanin rajistar sunayen shafukan intanet yake aiki a birnin Semarang. Duk sunan da mutum ya duba ko babu mai shi, sai Wiryawan ya riga shi saye, in ya dawo a tsawwala masa. Yau ga abin da aka duba: MiyarBazawaraSutarmi.

Sutarmi matarsa ce, shi kuma ga shi da ransa.

Nan take ya saye sunan, ya haye babur sai gida. Ya tarar da ita tana yanka albasa. Kamar sauran ma'auratan garin, Dik yake ce mata, ita kuma Mas take ce masa.

"Dik, mutuwa na yi, ko sakinki na yi ban sani ba?"

"Au, Mas, ashe ka gani?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "In na kira ba ka ɗauka, saƙo ba ka buɗewa. Can a jerin sunayenku kaɗai kake karatu. Wa kake zaton ya duba GasYaƘare da RufinƊakiNaYoyo makon jiya?"

Sai ya tuna. Duka biyun shi ya saye, har shugabansa ya yaba masa.

Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, sai ga shugaban a waya.

"Wiryawan, ka iya aiki! Sunan bazawarar nan har ya shiga, maza uku suka yi ta kokawa a kansa. Wani abin mamaki, duk 'yan layinku ne."