Direban da Ya Yi Kiwon Ƙanƙara

Zauna ka ji, tunda ka ce kai ka san aikinka.

An yi wani mutum da ya shekara da shekaru yana sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa. Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san yadda ake nannaɗe ta da buhu, a binne ta cikin garin katako, ta wuni ba ta zube ba. Da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya koyi tuƙi, wani mai mota ya ba shi motar kifi yana kai wa matan kasuwannin ƙauye. Motar ba irin mai injin sanyi a goshi ba ce. Wasu manyan farantan ƙarfe ne kafe a cikin bodinta, da ruwan magani a cikinsu. In an dawo gida a jona su da wuta su kwana suna daskarewa, da safe a cire, su wuni suna hura wa kaya sanyin da suka tara. Ranar da mai motar ya miƙa masa makulli, magana ɗaya ya yi masa: duk mako ya kashe wuta, ya buɗe ƙofa, ƙanƙarar da ta taru a jikin farantan ta narke, ya goge su tas. Mutumin ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi, wannan bawan Allah bai taɓa sayar da ƙanƙara ba, shi ya sa yake cewa a zubar da ita.

Bai narkar ba. Farin abu ya fara fitowa a jikin farantan kamar garin rogo, ya yi kauri, ya zama dutse. Kullum da safe sai ya shafa shi yana jin daɗi, kamar mai kiwo yana shafa tozon bijiminsa. Ana nan sai kifi ya fara isa kasuwa da laushi. Katan ya jiƙe a gindi. Mata suka fara latsa cikin kifin da yatsa suna kallonsa. Ya rasa gane kan abin. Ya leƙa bodi, ga ƙanƙara nan ta fi ta jiya yawa. Ya ce ko wuta ce ba ta isa, ya sayi mai ya ƙara da janareta. Ya ce ko robar ƙofa ce, ya sake ta. Ya daina tsayawa cin abinci a hanya. Kifi dai sai ƙara laushi yake. Daga nan ya ce lallai ƙanƙarar ce ba ta kai ba, ya riƙa yayyafa wa farantan ruwa kafin ya jona wuta don su ƙara kauri. Suka ƙara kuwa, har katan na sama yana gogar su. A makon nan kifi ya fara wari. Ya tsaya a cikin bodi, ƙanƙara ta kewaye shi hagu da dama, ga ƙuda yana bin kayansa. Har ya fara zargin ko hannu aka sa masa. Mata suka fara komawa wajen wata mota ɗaya bayan ɗaya. Mai motar ya aiko masa cewa in kaya suka sake lalacewa, ya ajiye makulli.

Sai ga shi sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya karye a hanyar dawowa. Motar ta yi kwanaki a garejin makaniki, ba kaya, ba wuta. Ya zauna a kan benci yana kallon ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashin ƙofa yana bin ƙasa, kamar jininsa ne ke zuba. Da aka gama gyara ya buɗe, farantai sun fito tsirara, ƙarfe zalla. Ya jona wuta ba don yana sa rai ba, ya yi lodi da safe, ya kama hanya yana tunanin inda zai nemi wani aikin.

A kasuwa tsohuwa ɗaya ce kawai ta rage tana jiransa. Ta buɗe katan, ta ɗauko kifi biyu ta gwara su, suka yi ƙara kamar itace.

Ta ce, “Ɗan nan, me ka yi wa motar?”

Ya ce, “Wallahi Iya, ban yi komai ba. Abin da na tara ne ya zube.”

Ta ce, “To ka dinga zubarwa.”

Ya koma gida kansa a ɗaure. Sai da ya wuce ta gaban masu sana'arsa ta dā, ya ga ƙanƙara nannaɗe cikin buhu, sannan ya taka birki. Buhun nan ba sanyi yake ƙara mata ba, hana shi fita yake yi. Abin da ya yi wa farantansa ke nan. Ya lulluɓe su da bargo mai kauri, sanyi ya zauna a ciki, kifi yana waje yana shan zafi.

Makulli bai bar hannunsa ba. Amma matan da suka tafi ba su dawo ba, mota mai cin katan fal ta koma yawo da rabin ciki.

Kai ma ka duba abin da kake tarawa. Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.